Darasi na 12: Gara da Gyara

A unguwar Zongo ta Kwatano akwai wani makaniki mai gyaran baburan zemijan. Wata rana ya ba ɗansa katako da fenti, ya ce, "Rubuta mini 'Muna gyara babur' da Hausa, a ƙarƙashin na Faransanci."

Yaro ya rubuta: MUNA GARA BABUR. Wani maƙwabci ya karanta, ya yi dariya, ya ce, "Gara ai itace take ci. Wa zai kai mata babur ɗinsa?" Uban ya ɓata rai, ga shi fenti ya ƙare.

Washegari yaro ya kai maganar makaranta. Ya ce, "Malam, harafi ɗaya fa kawai na bari."

Malam ya ce, "Faɗi ga. To, yanzu faɗi gya. Ina harshenka ya tafi?"

Yaro ya gwada sau uku. Ya ce, "Ya matso gaba, ya hau sama, Malam."

Wurin da harshen ya taɓa, wato rufin baki mai tauri, sunansa ganɗa. Idan tsakiyar harshe ta ɗaga zuwa ganɗa lokacin furta baƙi, an yi ganɗantawa ke nan. Hausa tana nuna wannan da harafin y a bayan baƙin: ky a kyanwa, gy a gyaɗa, ƙy a ƙyaure, fy a fyace. Haruffa biyu ne a ido, amma sauti ɗaya ne a baki.

Wani lokaci wasalin i ko e yakan ja baƙi zuwa ganɗa har ya canza shi gaba ɗaya. Shi ya sa ake cewa mota, motoci, kaza, kaji, ƙasa, ƙasashe.

Ba Hausa kaɗai ke amfani da ganɗa ba. A Faransanci, gn na montagne da agneau a can ake furta shi. A harshen Rasha kuwa, brat yana nufin ɗan'uwa, amma in aka ganɗanta t ɗin ƙarshe, sai ya koma ɗauka.

Da yamma yaro ya aro ragowar fenti, ya matsa y tsakanin g da a.

Aiki
1. Karanta da ƙarfi: kau, kyau, gara, gyara.
2. Rubuta jam'in gida da na wata.
3. Nemo kalmomi uku na Faransanci masu gn.