Mene Ne Ma'anar Dikon?

'Yan'uwa, a ekklesiyoyinmu na ƙasar Hausa muna cewa dikon, amma ba kowa ya san mafarin sunan ba. Mun aro shi daga Turanci. Turawa sun karɓe shi daga harshen Romawa, su kuma daga Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. A can kalmar ita ce diakonos, watau bara, mai hidima, wanda ke kai wa mutane abinci.

Ku duba Yohanna sura 2. Masu hidiman da suka cika randuna da ruwa a bikin Kana, da wannan suna aka kira su. A Markus 10:45 kuma, da kalma mai tushe ɗaya Ubangiji Yesu ya faɗi aikin da ya kawo shi duniya.

Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna inda aikin ya soma. Gunaguni ya tashi a Urushalima, gama ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kowace rana. Sai jama'a suka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida, har da Istifanus da Filibus, manzanni suka ɗibiya musu hannu. Ba a kira su dikon a wurin ba, amma tun dā ekklesiya tana ɗaukarsu iyayen wannan aiki. Bulus ya jera halin da ya kamaci dikon cikin 1 Timoti 3:8-13: kada ya zama mai baki biyu, ko mashayi, ko mai kwaɗayin ƙazamar riba.

Ashe dikon ba sarauta ba ce. Ba rawani ake naɗa masa ba, akushi ake miƙa masa. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, baikon kaka yakan zo da damin gero da dawa. Idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, dikon ne zai san gidan da ba a ɗora tukunya ba. In muka zaɓi mutum domin dukiyarsa ko danginsa, gwauruwa ce za ta kwana da yunwa, sunan Almasihu kuma ya sha zargi a bakin maƙwabta.

Kafin zaɓe mai zuwa, bari kowace ekklesiya ta karanta waɗannan surori tare, ta yi addu'a, ta tambayi kanta: wane ne a cikinmu ya riga ya soma hidima tun ba a ba shi suna ba?