Idan aka tsayar da fasfonka saboda asalin mahaifinka

A Karfi da garuruwan da ke tsakanin Funtua da Malumfashi akwai gidaje da yawa da mahaifi ko kaka ya gangaro daga Maraɗi ko Tasawa. Wani farin 1973 ne ya koro shi, wani cin rani ya zo ya ga noman auduga da masara ya karɓe shi, ya yi aure ya zauna. 'Ya'yansu nan aka binne cibiyarsu. Ba mai tuna zancen sai ranar da mutum ya kai tsohon fasfonsa ofishin shige da fice a Katsina, jami'i ya ɗago kai ya ce, "Malam, ina aka haifi mahaifinka?" Wani lokacin ma abokin rigimar gona ne ya riga shi kai tsegumi.

Kafin gabanka ya faɗi, ka san matsayinka. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960 ɗan ƙasa ne muddin mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa huɗu ɗan Najeriya ne. Mu a al'ada uba muke bi, takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma ma yawanci uba take bi, shi ya sa mutane ke zaton gefen uwa ba ya aiki. Yana aiki sarai.

An gwada wannan a gaban alƙali. A watan Janairun 1980 gwamnatin Shagari ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, ta tsallakar da shi Chadi, wai mahaifinsa ɗan can ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, don haka shi ɗan ƙasa ne, ta soke korar, ta kuma sa a biya shi diyya. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar masa da nasararsa.

Saboda haka in mahaifiyarka 'yar Najeriya ce, ta gefen uwa za ka gina hujjarka. Nemo takardar shaidar asalinta daga sakatariyar Malumfashi, ko duk ƙaramar hukumar da ta fito, ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kamar yadda aka saba. Haɗa da takardar haihuwarka ta hukumar ƙidaya wadda sunan mahaifiyar yake ciki. In ta rasu, ka ɗauki kawunka, wanda suke ciki ɗaya da ita, ya yi rantsuwa a kotu a rubuce. Takardar gama firamare, katin zaɓe, tsohon rasitin haraji na kakanka na wajen uwa da ke ƙasan adaka, duk kada ka raina su. Sannan ka duba NIN ɗinka: suna da ranar haihuwa da wurin haihuwa su zo daidai da na tsohon fasfo, harafi da harafi. Sau da yawa abin da ake kira rigimar asali daga nan yake farawa, an rubuta Malumfashi a wannan takarda, an rubuta wani gari a waccan.

Abin da nake roƙonka ka guje masa shi ne shawarar 'yan bakin ƙofa, masu cewa kawo kuɗi a yi maka takarda a canza garin mahaifinka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma yin ƙarya don samun fasfo laifi ne a dokar shige da fice ta 2015. Kai da doka ta riga ta ba gaskiya, me zai kai ka sayen ta jabu? Ranar da aka gano, sahihan takardunka ma ba za a ƙara yarda da su ba.

Idan ka kai komai aka ce "je ka dawo" har abin ya ƙi ƙarewa, rubuta takarda zuwa ga kwanturolan shige da fice na jihar Katsina, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In za a riƙe tsohon fasfonka, ka tabbata kana da hotonsa, ka kuma nemi shaidar karɓa. Daga nan sai lauya. Shari'ar zama ɗan ƙasa da ta fasfo hurumin Babbar Kotun Tarayya ce, akwai ta a Katsina. Kotun Ƙoli ma, a shari'ar Olisa Agbakoba ta 1999, ta ce mallakar fasfo tana cikin 'yancin ɗan ƙasa na fita da shigowa.

Amma fa wanda iyayensa biyu da kakanninsa huɗu duk 'yan Nijar ne, haihuwa a Karfi kaɗai ba ta mai da shi ɗan ƙasa ba. Tasa hanyar ita ce neman zama ɗan ƙasa ta ma'aikatar harkokin cikin gida bayan zaman shekara 15. Matar da ta auri ɗan Najeriya tana iya yin rajista. Namijin da ya auri 'yar Najeriya kuwa ba a ba shi wannan damar ba.

Mai niyyar Hajji ko Umara ya fara wannan zirga-zirga da kaka, da zarar amfani ya shigo gida, domin Saudiyya tana son fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida, ita kuwa irin wannan magana takan ci watanni.