Sharhin Baitocin Mugun Mafarki

Da sunan Allah nake farawa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce a cikin waƙar:

Ɗan'uwa, in dare ya firgita ka,
Riƙe bakinka, kar ka ba da labari.

Tofa hagunka uku, nemi tsarin Allah,
Juya kwanci, ko ka tashi tun da wuri.

Ka sani, ya kai muridi, Allah ya yi maka albarka, babu tambayar da ake tare ni da ita bayan wazifa kamar ta mafarki. Wannan maciji ya bi shi, wancan haƙoransa sun zube a tafin hannunsa, wani ya faɗa rijiya marar ƙarshe, wata kuma mamaci ya kira sunanta. Kowa so yake in ce masa ma'anarsa kaza ce. Ni kuwa ba na fara fassara sai na san wane iri ne, domin hadisin da Imamu Muslim ya fitar ta hanyar Muhammadu ɗan Sirina daga Abu Huraira ya kasa mafarki kashi uku: bushara daga Allah, da baƙanta rai daga Shaiɗan, da zancen zuci wanda mutum ya wuni da shi ya kwana da shi.

Kashin nan na uku shi ya fi yawa, kuma ba ya da fassara. Mahauci ya ga jini a barci, to me zai gani in ba jini ba? Wanda ya cika ciki da wake ya kwanta nan take, da wanda zazzaɓin sauro ya kama, da yaron da ke haɗiyar ƙwaya, duk suna ganin abubuwan ban tsoro masu kama da gaske. A nan ne dannau yake, wanda mutum zai farka ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa motsi, ya kasa kira. Likitoci sun bayyana cewa a lokacin mafarki gaɓoɓi a ɗaure suke don kada mai barci ya aikata abin da yake gani, to wani lokaci hankali kan riga jiki farkawa. Ba ya wuce ɗan lokaci, kuma ya fi samun mai kwanciya rigingine da mai ƙarancin barci. Amma ƴan'uwanmu da suka ga tashin hankali da idonsu, kamar waɗanda suka gudo daga Boso da Difa a 2015, in abu guda yana ta dawo musu kowane dare, wannan rauni ne a zuciya. A yi musu addu'a, a kuma kai su ga likita. Kada a ce musu wani abu ne ke tafe.

Wanda yake daga Shaiɗan kuwa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya mana maganinsa, shi ne abin da baiti na biyu ya tattara: tofi mai sauƙi ta hagu sau uku, neman tsari daga Shaiɗan da sharrin abin da aka gani, juyawa zuwa ɗaya gefen, tashi a yi salla, da yin shiru. Ya yi alkawari cewa wanda ya yi haka mafarkin ba zai cuce shi ba. Abu Salama ya ba da labari cewa mafarki har kwantar da shi ciwo yake yi, sai da ya ji wannan daga Abu Ƙatada. Wani baƙauye kuma ya zo ya ce ya ga an sare kansa, kan yana gangarawa shi yana bin sa. Dubi irin wannan alama! Da a zamaninmu ne da an cika takarda da fassararta. Amma Annabi bai fassara ba, hana shi ya yi ba mutane labarin wasan da Shaiɗan ya yi da shi.

Sannan na ce:

Ba duk abin tsoro ke zama sharri ba,
Wani gargaɗi ne, wani ko albishiri.

Domin kada ka ɗauka duk mafarki mai firgitarwa ƙarya ne. Kafin yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, Annabi ya ga ana yanka shanu, ya ga takobinsa ya samu giɓi, aka fassara shi da sahabban da suka yi shahada. Ya ga mace mai birkitaccen gashi ta fita daga Madina ta sauka Juhufa, ya fassara ta da annobar zazzaɓin Madina da aka ɗauke. Sura mai muni, ma'ana mai daɗi. Haka nan ya zo a ruwaya cewa ana son ganin mari a ƙafa, don tabbata ce cikin addini, ana ƙin ganin ƙuƙumi a wuya, alhali duka biyun ƙarfe ne, duka biyun ɗauri ne.

Wanda na fi so ka tsaya a kansa shi ne na Abdullahi ɗan Umar. Yana saurayi, yana kwana a masallaci, sai ya ga mala'iku biyu sun kama shi sun kai shi bakin wuta, ga ta a gine kamar rijiya, ga mutanen da ya sani a ciki. Wani mala'ika ya tare su ya kwantar masa da hankali. Da gari ya waye bai zaga Madina yana cewa na ga wane da wane a wuta ba. Yayarsa Hafsa ya gaya wa, ita ta gaya wa Annabi, Annabi ya yabe shi, ya yi fatan da yana sallar dare. Tun daga ranar bai ƙara yin barcin dare ba sai kaɗan. Ka ga, gargaɗin kansa ya juyo, ba kan maƙwabcinsa ba.

Alama ɗaya ma'anarta kan sauya da sauyawar mai mafarkin. Ana hikaya cewa mutum biyu sun zo wa Ibnu Sirina, wanda ya rasu a Basra shekara ta 110 bayan hijira, kowane ya ga yana kiran salla. Ya yi wa na farko bushara da hajji, na biyu ya ce sata za a kama shi da ita, saboda abin da ya gani na halin kowannensu, kuma kowace fassara tana da madogara a Alƙur'ani. To yaya ɗan littafin da ake shimfiɗawa a bakin tasha zai ce maciji maƙiyi ne ga kowa da kowa? Babban littafin ma da ake jingina wa Ibnu Sirina, masu bincike sun ce ba shi ya wallafa shi ba. Na Shehu Abdulgani Nabulusi kuwa, wanda ya rasu a 1143, buɗe shi ka ga yadda yake jera wa kalma guda ma'anoni masu yawa, wasu suna karo da wasu. Littafin malamai ne, ba na duba ba. An tambayi Imamu Malik ko kowa na iya fassara mafarki, ya yi inkari mai tsanani, ya ɗauki hakan wasa da annabci, domin mafarkin gaskiya yanki ne ɗaya cikin 46 na annabci.

Baiti na ƙarshe shi ne dalilin waƙar duka:

Wanda ka gani a barci bai san ka gan shi ba,
Kar ka tsinke zumunci don Shaiɗanu makiri.

Malamai ba su gina hukunci a kan mafarkin wanda ba annabi ba. Alƙali ba ya karɓar sa shaida. Ko watan azumi ba ya tabbata da shi. To abin da bai isa ya sa ka kame baki wuni ɗaya ba, yaya zai isa ka kira Musulma mayya?

Wani saurayi tela a unguwarmu ya yi dare uku yana ganin kishiyar mahaifiyarsa tana miƙa masa nama, da ya kai hannu sai fuskarta ta koma ta kura. Bai tofa ba, bai yi shiru ba, ga mai duba ya tafi. Aka karɓi jika goma da baƙin zakara, aka ce masa ta kama kurwarsa. Ya daina cin tuwonta, ya gaya wa uwarsa, uwar ta gaya wa maƙwabta. Kafin mako ya zagayo yara na yi mata ihu a bakin famfo. Matar nan kuwa ita ta goye shi lokacin da uwarsa ke jinya.

Mahaifinsa ya kawo mini shi jiki na rawa. Na taɓa goshinsa, zafi kamar garwashi. Na ce, "Ɗana, tun yaushe?" Ya ce, "Malam, kwana takwas." Ashe ɗinkin salla ya tara, yana kwana kan keke da shayi da ƙwayar hana barci, ga sauro. Na ce, "Waye ke ba ka nama a gidanku tun kana yaro?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ita ce." Na ce, "To zuciyarka ta ɗauko fuskar da ta saba gani a kan akushi, zazzaɓi ya ɗora mata kura. Je ka asibiti yau, gobe ka je ka durƙusa."

An auna jininsa, aka samu zazzaɓin sauro, ya sha magani kwana uku, mafarkin ya ɗauke. Ya je ya durƙusa gabanta yana kuka. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, amma ta ɗaure kayanta ta koma ƙauye gidan wanta. Mijin ya yi biko sau biyu, ni ma na aika. Ta ce a gaishe ni, amma ba za ta iya sake ɗibar ruwa a famfon nan ba.