Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Gonar Rake da Murjanin Teku?

Tambaya: Ni mai sayar da rake ne a Gyaɗi-Gyaɗi, ƙaramar hukumar Tarauni a Kano. Na ji wai noman rake yana kashe murjani a cikin teku. Ta yaya abin da aka shuka a tudu zai cutar da na ƙarƙashin ruwa? Mu kuma da ba mu da teku, abin ya shafe mu?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai raken kansa ba shi da laifi. Ɓarnar tana zuwa ne daga abin da ruwan sama yake wankowa daga gona.

Murjani halitta ce mai rai. Ƙananan dabbobi ne da suke gina wa kansu mazauni mai tauri kamar dutse, wasu bisa wasu, har su zama tsauni a cikin teku. A jikinsu akwai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su suke haɗa musu abinci da hasken rana. Shi ya sa murjani ba ya rayuwa da kyau sai a ruwa garai-garai.

Inda aka fi nazarin wannan matsala shi ne jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya, wadda take noma kusan kashi 95 cikin 100 na raken ƙasar. Gonakin suna bakin gaɓa, daura da Great Barrier Reef, tarin murjani mafi girma a duniya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300. Idan damina ta kankama, koguna irin su Burdekin, Herbert da Tully sukan kwashi abubuwa uku su kai teku.

Na farko laka ce, wadda take gurɓata ruwa ta tare hasken rana, ta kuma binne ƙananan murjani. Na biyu maganin ciyawa ne, irin su diuron, wanda aikinsa hana tsiro cin moriyar haske, don haka yakan raunana ciyayin teku da tsirran da ke ciyar da murjani. Na uku, wanda ya fi damun masana, shi ne rarar takin zamani. Taki ba ya bambanta rake da gansakuka: duk wanda ya samu zai ciyar. Gansakuka sai ta yi yawa, ita kuwa ce abincin ’ya’yan wata dabba mai siffar tauraro da ƙayoyi, wadda idan ta girma murjani take ci. Binciken da cibiyar nazarin teku ta Ostareliya ta fitar a 2012 ya nuna rabin murjanin wurin ya salwanta tsakanin 1985 da 2012, kuma kashi 42 cikin 100 na asarar aikin wannan dabba ne. Sauran na guguwa ne da ɗumamar ruwa. A 2019 majalisar jihar ta tsaurara doka kan yawan takin da manomin rake zai zuba.

Mu a nan, ruwanmu ba ya isa teku. Abin da ya tsiyaye daga gonakin rani na Kura, Kadawa da Bunkure, waɗanda madatsar Tiga ta 1974 take shayarwa, kogin Haɗeja yake bi zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ya nufi Tafkin Chadi. A can kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi da kiwo, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye hatsi. Babban dalilin yaɗuwarta shi ne madatsun ruwa sun sa ruwa yana kwanciya rani da damina, amma laka da rarar taki suna ƙara mata ƙarfi. Wanda ke sama ya zuba, na ƙasa ya kwasa.

Don haka, Malam, ci gaba da sana’arka da kwanciyar hankali. In ka je saro rake, ka isar wa manoma wannan saƙo: a zuba taki daidai buƙata, kashi-kashi, a binne shi, kada a zuba ana shirin ruwa ko ban-ruwa mai yawa, a bar ciyawa a bakin rafi, kada a wanke famfon feshi a magudana. Takin da ruwa ya tafi da shi asarar manomi ce, kuma cutarwa ce ga masuncin Nguru.