Hodar Enzayim Ba Ta Mayar Da Kara Harawa

Abin da na tarar a gidan wani mai turka ya ɓata mini rai ƙwarai, shi ya sa nake wannan rubutu.

Bawan Allahn nan bashi ya ci ya sayi bijimai shida ya turke, yana harin babbar sallah. Rani ya yi nisa, harawa ta yi tsada, ƙulin auduga ma haka. Ranar kasuwa sai ya faɗa hannun wani mai tallar magani da lasifika. Ya sayar masa da wata hoda a leda, wai enzayim ce daga Turai, in ya barbaɗa a kan karan dawa ya gama da sayen harawa. Ya kuwa yarda. Ya yanke harawa, ya yanke ƙuli, ya bar dabbobi da kara da buntun shinkafa.

Shanu suka fara zubewa. Haƙarƙari ya fito, gashi ya tashi, kashinsu ya bushe, kana ganin guntayen kara a ciki. Ya koma wurin mai hoda, shi kuma ya ce, "Alhaji, ai ninka awo za ka yi." Ya ninka. Da abin ya ƙi ci, wani maƙwabci ya ce ya ji ana jiƙa kara da takin yuriya. Mai shanun ya dama taki a bokiti babu awo, ya kwara a komi, ya ba su nan take. Kafin awa guda sun fara makyarkyata, yawu na dalala, ciki ya kumbura. Sai a lokacin aka tuna da lambata. Na iske biyu sun mutu, ko yanka ba a samu yi ba. Sauran muka ɗura musu ruwan kal da ruwan sanyi, Allah ya sa suka tashi.

Na ce a miƙo mini ledar. Enzayim ɗin fayites ne, na kaji, wa'adinsa ma ya wuce, ga shi ya sha rana a kan tebur. Saniya me za ta yi da shi, alhali ƙwayoyin tumbinta suna yin nasu? Wannan zalunci ne, kuma mai sayarwar ya sani.

Enzayim na shanu akwai shi, selules da zailanes, waɗanda ake samowa daga funfunar Trichoderma da Aspergillus, a fesa wa abinci kafin a bayar. Amma ko na gaskiyar, gwaje-gwaje ba su tsaya a magana ɗaya ba: wani lokaci narkewa ta ɗan ƙaru, wani lokaci babu bambanci. Ba ya fasa lignin, kuma ba ya ƙara furotin ko kaɗan. Da zarar furotin ya yi ƙasa da kashi 7 cikin 100, ƙwayoyin tumbi sun raunana, cin dabba ya ragu. Busasshen kara kuwa da ƙyar yake kai kashi 5.

Enzayim ƙari ne a kan abincin da ya riga ya cika. Dabbar da ke jin yunwa abinci take so.

Ku daina sayen magani a hannun masu lasifika. Ku duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, ku duba don wace dabba aka yi shi. Kada a ajiye a rana. Ku daddatse kara, ku haɗa da harawa ko kowa da ɗan ƙuli, ga gishiri, ga ruwa wadatacce. Masu ɗura dusa da masara ba ƙaƙƙautawa, ku sani tumbi yana tsami, narkewar kara ta tsaya.

Yuriya kuma ba abin wasa ba ce. Kilo 4 ake narkarwa a ruwa don kilo 100 na kara, a jiƙa karan da shi, a rufe ruf da leda mako 3, a buɗe ya sha iska, sannan a fara bayarwa kaɗan-kaɗan. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin gona ya tsaya masa, ko ya tuntuɓi NAPRI da ke Shika. Ina maimaitawa, kada a dama taki a ba dabba.

Don Allah ku kira likitan dabbobi tun ranar da kuka ga rama ta fara, kafin ku zuba wa dabba wani abin da ba ku sani ba.