Babi na Bakwai: Sarrafa Zuciya da Riƙon Amana a Wurin Aiki

Sarrafa zuciya shi ne mutum ya gane abin da ke tasowa a ransa, fushi ne ko tsoro ko kwaɗayi, ya kuma iya danne shi har ya yi tunani kafin ya yi magana ko ya aikata. Wani ɓangare na wannan fasaha shi ne lura da halin da abokin hulɗa yake ciki, ta fuskarsa da muryarsa. Masana halayyar ɗan Adam na Amurka, Peter Salovey da John Mayer, sun yi rubutu a kanta a 1990, sannan littafin Daniel Goleman na 1995 ya yayata ta a duniya, amma Hausawa sun daɗe suna yabon mai haƙuri da kawaici da sanin ya kamata.

Maigida da yaronsa

Dangantakar maigida da ma'aikacinsa, a ofis take ko a shago irin na Kantin Kwari, tana tsayuwa ne bisa haƙƙi daga ɓangarorin biyu, domin maigida yana bin yaronsa aiki da gaskiya, shi kuma yaro yana bin maigidansa lada a kan lokaci da mutuntawa. Idan maigida ya saba zagin yaronsa a gaban masu ciniki, ko ya riƙe masa kuɗinsa ba dalili, yaron yakan haɗiye ɓacin rai, har wata rana shaiɗan ya raya masa cewa abin da ya zara daga aljihun tebur haƙƙinsa ne ya karɓa. Wannan ba ya halatta sata, sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Maigida mai hankali yakan jira fushinsa ya huce, ya kira yaron gefe, ya faɗa masa laifinsa shi kaɗai, ya kuma saurari uzurinsa.

Umarnin da bai dace ba

Ha'inci a wurin aiki ya haɗa da tauye mudu, da algus, wato cakuɗa kaya mai kyau da maras kyau, da ƙara kuɗi a rasit, da karɓar na goro. Sau da yawa tsoron kora ne ke sa ma'aikaci ya aikata irin waɗannan idan na sama da shi ya umarce shi. Misali, maigida zai iya cewa a zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasan buhu, a rufe da sabo a sama. Yaron da ya iya sarrafa zuciyarsa ba zai ɗaga murya a tsakiyar kasuwa ba, ba kuma zai yi abin ba; zai bari sai sun keɓe, ya rusuna ya ce: "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa, wannan ba zan iya ba, in mai kaya ya zazzage buhun sunan shagonmu ne zai ɓaci." Ta haka ya ƙi ɓarna, ya kuma bar wa maigidansa hanyar janyewa ba tare da jin kunya ba. In hakan bai yi ba, sai ya nemi dattijon da maigidan ke jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata 3 da fara aiki, ta kuma hana yanke albashi da sunan tara. Kafin sallama, wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba ana ba shi sanarwar mako 1, wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5 mako 2, wanda ya kai shekara 5 kuwa wata 1, sai fa in ya aikata babban laifi. Wanda aka zalunta yana iya kai kuka ofishin ma'aikatar ƙwadago na jiharsa, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma zai fi samun nasara idan ya adana takardunsa ya rubuta ranar da kowane abu ya faru.

Tambayoyi

1. Mene ne sarrafa zuciya?
2. Yaya ma'aikaci zai ƙi umarnin ha'inci cikin ladabi?
3. Sanarwar kwana nawa ake ba wanda ya yi shekara 3 yana aiki?