Alayyahu: Ganyen Miyarmu da Ya Taɓa Zama Hatsin Daula



 Darasin da muka zaɓa bana a kan alayyahu ne. Wani zai ce, "To, alayyahun ma har sai an yi masa darasi?" E, sai an yi. Mu nan ganyensa muka sani, a miya ko a kwaɗo. Amma akwai mutanen da suka daɗe suna noma shi don ƙwayarsa, kamar yadda muke noma gero.

Asalinsa

Alayyahu dangi ne babba. Rukuɓu da ke fitowa da kansa a bayan gida da damina ma ɗan gidansu ne. A cikin dangin, iri 3 ake nomawa don ƙwaya, kuma dukansu daga nahiyar Amurka suke: 2 daga yankin Meziko, 1 daga duwatsun Andis, wajen ƙasar Peru, inda ake kiransa kiwica. A kwarin Tehuwakan na Meziko, masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwayoyinsa da suka kai kimanin shekara 6,000. Ɗaya daga cikin iri biyun Meziko shi ne wanda ya yaɗu a garake da fadamun Afirka ta Yamma. Bambancin kawai, namu ƙwayarsa baƙa ce, nasu na ci kuwa fara-fara ce.

A daular Aztek

Aztek su ne suka mulki tsakiyar Meziko kafin zuwan Turawa. Babban birninsu Tenoctitilan ne, inda birnin Meziko yake a yau. Suna kiran alayyahu huwautili. Lardunan da suka ci da yaƙi suna kawo shi haraji kowace shekara tare da masara da wake, a cika rumbunan sarki. Ana niƙa shi a yi kunu ko waina. Ana kuma zuba shi a kasko mai zafi, ya fashe kamar gugguru.

Sai dai bai tsaya a abinci ba. Aztek masu bautar gumaka ne. Sukan kwaɓa garinsa da ruwan zaƙi, su gina siffar abin bautarsu, musamman Witsilopocitili, gunkinsu na yaƙi. In an gama biki sai a farfasa siffar, a raba wa jama'a su ci. Wani limamin Kirista, Barnadino de Sahagun, ya rubuta wannan dalla-dalla daga bakin dattawansu.

Yadda ya kusa ɓacewa

A shekarar 1521 sojojin Sifaniya ƙarƙashin Harnan Kotes suka ci Tenoctitilan. Limamansu suka yaƙi waɗancan bukukuwa, kuma da yake alayyahu na cikin bikin, ƙyamar ta shafe shi. Ga kuma alkama da baƙin suka kawo suna fifita ta. Haraji ya daina zuwa da shi, gonakinsa suka yi ta raguwa. Talakawan ƙauye ne suka riƙe irin, suna shuka ɗan kaɗan a gefen masara, ɗa ya gada daga uba, har sama da shekara 400.

A can Indiya kuwa ya samu gida. Suna ce masa rajgira, kuma mabiya addinin Hindu suna cin sa a kwanakin azuminsu. A Meziko har yau ana sayar da alegiriya, wato fasasshen alayyahu da aka ɗaure da zuma ko mazarƙwaila. Kamanninta kamar kantun riɗi.

Me ya dawo da shi?

Daga shekarun 1970 masana suka waiwaye shi, har Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da littafi a kansa a 1984. Dalilan su ne:

1. Ƙwayarsa na da sinadarin gina jiki, wajen kashi 13 zuwa 15 cikin 100.
2. Tana da wani ɓangare na wannan sinadari mai suna laisin, wanda ya yi ƙaranci a masara, dawa da gero. In an haɗa su, ɗaya ya cike giɓin ɗaya.
3. Tana da sinadarin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi.
4. Yana son rana, yana jure ƙarancin ruwa in ya kafu, kuma kai guda na ba da dubban ƙwayoyi.

Yanzu manoma a Kenya da Yuganda suna noma farin irin, suna haɗa garinsa da na masara a kunun yara.

Darasi gare mu

Na farko, mu daina raina shi. Kowa ya san yadda tamowa ke kama yara idan rumbu ya yi ƙasa kafin kaka. Alayyahu ana fara tsinkarsa mako 3 zuwa 4 bayan shuka, tun gero bai yi kai ba. A riƙa sa wa yara, kuma kada a dafa shi har ya mutu.

Na biyu, ba muna cewa a bar gero ba ne. Gero shi ne uba. Amma manomanmu su tambayi ma'aikatan gona labarin farin iri, a jarraba ko a kunya biyu ne.

Na uku, mu riƙa aje iri. Rumbunan sarkin Aztek sun rushe, amma irin da talaka ya ƙulle a tsumma ya kawo yau. Don haka in iyayenmu mata sun bar 'yan tushe su yi kai a garka, kada mu cire. In ya bushe a sussuke, a sheƙe, a zuba a kwalba, a ɓoye a inuwa sai baɗi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.